Yadda ake haɗa kujerar ken daga ɗanyen kwagiri har ta tsaya da ƙafarta

Jama'a tambayar nan ta yi yawa, duk wanda ya shigo shago ya ga ƙananan kujerun ken ɗin nan da nake jerawa a bakin ƙofa sai ya ce min malam wai ya ake yin abin nan, wasu kuma matasa ne da suke son koyo su riƙa samun na kashewa, har wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta turo min yaranta biyu in nuna musu. To yau na zauna zan zayyano shi daki-daki, kuma da ƙaramar kujera mai ƙafa huɗu marar jingina zamu yi misali, don duk abin da ake yi wa babbar kujerar falo yana cikinta: yanka, lanƙwasa, naɗi, saƙa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Ken ɗan kurmi ne, ɗan fadama, a cikin laima ya tashi a dazukan Kuros Riba da Akwa Ibom da Bayelsa da Delta da Edo, mu kuma muka ɗauko shi muka kawo shi Kaduna inda hunturu yake fasa wa mutum leɓe. Duk matakan da zan lissafa, in ka duba, magana ce ta yaushe za a ba shi ruwa, yaushe za a hana shi.

1. Ka fara sanin abin da zaka saya

Ken ba gora ba ne. Gora cikinta rami ne, ken cikinsa a cike yake tim, shi yasa yake ɗaukar ƙusa yake kuma lanƙwasuwa. Ba tukurwa ba ne kuma, wadda ake gado da ita. Shi ne dai kwagiri, wanda tsofaffi ke dogarawa, kuma ɗan uwan giginya da goruba da dabino ne, sai dai shi ba ya tsayawa da kansa, da ƙayoyi masu kama da ƙugiya yake kama bishiyoyi yana hawa yana neman rana, ya yi tsawon mita gomomi. A duniya akwai irinsa wajen 600, yawanci a kudu maso gabashin Asiya, Indunusiya ce uwa a harkar. Mu a Afirka ashirin da 'yan kai ne.

Biyu ne suka dame ka. Akwai babba mai kaurin santimita 2 zuwa 3, wanda masana ke kira Laccosperma secundiflorum, da shi ake ƙafafu da firam. Akwai siriri mai kaurin ɗan yatsa, Eremospatha macrocarpa, shi ake tsagawa a yi naɗi da saƙa, don bayansa santsi gare shi kuma yana da haƙurin lanƙwasa. A wajen masu sayarwa ba wanda zai gane waɗannan sunayen, ka ce babba da ƙarami shikenan.

Kashedi: akwai na roba da ake naɗawa a kan ƙarfe, yana kama da na gaske daga nesa. Wannan aikin daban ne, kar a haɗa maka.

2. Sayen kaya

Ken daga kudu ake kawo shi a mota, dami-dami. In kujera ɗaya zaka gwada, kar ka wahalar da kanka da oda daga Legas ko Fatakwal, kuɗin mota kaɗai ya cinye ka. Ka je wajen masu saƙar ken na bakin titi ka roƙe su su sayar maka daga nasu, zasu ɗora riba amma zaka zaɓa da hannunka. Sai ka ƙware sannan ka nemi mai turo maka dami. A Legas unguwar Mende ta Maryland ta yi suna da masu ken, duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san ta.

Ga abin da kujerarmu zata ci: babban ken mita 5, matsakaici mai kaurin wajen santimita 1 da rabi mita 3, sai ƙananan sanduna kamar guda 8 masu tsawon mita 4 na tsagawa. Na saka rara a ciki, don sabon hannu sai ya ɓata.

Yanzu zaɓe, nan ne ake cin mutane. Ka ɗaga sanda ka ji nauyinta, wadda ta nuna tana da nauyi kuma in ka ƙwanƙwasa ta a ƙasa tana ƙara tas. Wadda aka sare ba ta nuna ba shafal take, in ta bushe sai ta yamutse ta yi layi-layi a jiki kamar rake da ya kwana biyu, irin wannan ko kyauta aka ba ka kar ka yi ƙafa da ita. Ka duba bakin yankan, in ka ga ya yi baƙi ko shuɗi-shuɗi funfuna ta shiga, ba ta fita da samfefa. Sannan ka buga sandar a siminti ka duba ƙasa, in ka ga wani gari ya zubo kamar fulawa, da 'yan huje-huje kamar an soka allura, ƙwaro ne a ciki, ka ajiye ta ka ma matsa daga damin gaba ɗaya. Araha ba ta ado, ni na taɓa sayen dami guda don an sauke min kuɗi, na jingine shi kusa da mai kyau, kafin wata biyu ƙwaron ya haura ya lalata min rabin kayan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

In da hali kar ka yi sayayya daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, lokacin masu kwandunan kyautar Kirsimeti da masu kwalliyar biki suna wawasar ƙaramin ken, kuɗi yana hawa.

3. Kayan aiki

Ba su da yawa kuma rabinsu akwai a gida. Zarto mai ƙananan haƙora irin na yankan ƙarfe, wuƙa mai kaifi guda biyu, ɗaya ta kankara ɗaya ta tsaga, ƙaramar guduma, filaya, basilla ko tsinken ƙarfe mai tsini, tef ɗin awo da fensir, ƙusa inci 2 da rabi da inci 1 da 'yan mitsi-mitsin nan na rabin inci, gam ɗin kafinta irin su Top Bond, samfefa mai kaushi da mai laushi, robar tiyub ɗin mashin da aka yayyanka, baho babba, buroshi, banish mai sa katako sheƙi da tina na sirka shi. Na wuta kuma, masu sana'a suna amfani da abin hura wutar nan na gas ko na kananzir, in babu kurfoti da gawayi ya isa. Wuƙa da guduma da tsinken ƙarfe ka leƙa kasuwar Panteka ta nan Kaduna, zaka samu masu ƙwari har a wasa maka.

Ka sa wani tsumma mai kauri ko tsohon wandon jins a cinya, don a cinya ake fere tsage.

4. Kankara da magani

In ken ɗin ya zo da ragowar ɓawo da datti, ka kafa shi a ƙasa ka riƙa kankarewa da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, a tsaye zaka riƙe bakin wuƙar ba a kwance ba, kankara kake ba sassaƙa ba. Wajen gaɓoɓi ka ɗan fere tudun ya daidaita. Babban ken ana kankare shi sosai har ya yi fari. Ƙaramin da zaka tsaga kuwa a hankali, dattin kawai zaka cire, santsin bayan nan shi ne ƙarfinsa kuma shi ne kyansa.

Ka kula da ragowar ƙaya, siririya ce baƙa, in ta shige farce sai ta yi ruwa.

Maganin ƙwaro mutane da yawa tsallake shi suke yi, ni kuma ba na tsallakewa. A Asiya dafa ken suke yi a cikin mai mai zafi, dizal da man kwakwa, amma wannan ba aikin tsakar gida ba ne, gobara ce. Abin da zaka iya shi ne boras, wato borax, wani farin gari ne, ana samu wajen masu sayar da kemikal, kilo 1 a ruwa lita 20, ka yanka ken ɗin gwargwadon abin da zai shiga baho ko rabin duro, ka danne da dutse ya nutse kwana uku zuwa biyar. Ka rufe, kar yara ko awaki su kai baki. In ka tsame sai ka jingine shi a tsaye inda iska ke wucewa, sati ɗaya zuwa biyu. Da damina sai ya fi haka. Da hunturu kuwa kar ka kuskura ka shanya a rana, waje zai bushe kafin ciki sai ka ji yana tsagewa da kansa, inuwa zaka ba shi.

5. Awo da yanka

Daga babban ken: ƙafafu 4, kowace santimita 42. Sandunan gicciye 8, kowace santimita 30, huɗu na sama huɗu na ƙasa. Daga matsakaici: guda 4, kowanne santimita 60, su ne za a lanƙwasa su zama kamar bakan harbi a tsakanin ƙafafu. Ka ware mafi kauri da miƙewa ka ba ƙafafu.

Bakin kowace sandar gicciye ka ɗan rarake shi da wuƙa ya yi kwarmi kamar bakin kifi, yadda zai rungumi ƙafar, in ka bar shi a miƙe wuri ɗaya kawai zai taɓa kuma kujerar zata riƙa rawa komai yawan ƙusa. Ka auna sau biyu kafin ka sa zarto, kuma ka jera ƙafafun huɗu ka daidaita su tare.

6. Lanƙwasa da wuta

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ken ko ya bushe wuta tana tanƙwara shi, wannan ce baiwarsa. Ka samo abin da zaka naɗa a kai mai faɗin kusan santimita 27, tsohon bokitin fenti na ƙarfe ko tukunya. Ka shafa wa sandar ruwa da tsumma, da hunturu ma ka jiƙa ta kamar awa ɗaya tukuna, sannan ka riƙa wuce ta a kan wuta kana juyawa kana kai da komo, ka fi ba cikin lanƙwasar zafi. Kar ka tsaya wuri ɗaya. Zaka ji ta a hannunka, sandar da take gardama sai ta saki ta yi laushi, har wani ɗan ƙamshi take yi kamar ana gasa masara. A lokacin zaka ɗora ta a jikin bokitin ka danna a hankali, kaɗan-kaɗan, in ta ƙi ka mayar wuta. Ka ɗan zarce yadda kake so don in ta huce tana ɗan komawa, sai ka ɗaure bakin biyu da roba ka ajiye ta huce sarai.

Maigidana da ya koya min, mutumin kudu ne da ya shekara da shekaru a Kaduna, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ba ya ma amfani da bokiti, a gwiwarsa yake lanƙwasawa da buhu a kai. In ya ga ina gaggawa sai ya ce yaro saurara mata, ita zata gaya maka. Gaskiyarsa ne, in ka ji ƙas-ƙas to zaren waje ya fara tsinkewa, ka tsaya nan take.

Kashedi: baƙin ƙuna kaɗan samfefa tana cirewa, amma in ya ƙone har ya yi gawayi wajen ya mutu, nan zai karye. Kuma tina da banish su yi nesa da inda kake wuta, nesa sosai, ba a ɗaki ɗaya ba.

Da wannan wutar dai zaka miƙar da ƙafar da ta ɗan karkace.

7. Haɗa firam

Ka fara da gefe biyu. Ƙafa biyu, gicciyen sama a ɗan ƙasa da kan ƙafar da kamar santimita 1, gicciyen ƙasa a santimita 10 daga ƙasa. Ka sa gam a bakin kifin, ka huda ƙafar da tsinken ƙarfe ko siririn injin huji, sannan ka buga ƙusa inci 2 da rabi ta ratsa ƙafar ta shige tsakiyar gicciyen. In ba ka huda ba ken tsagewa yake, musamman kusa da baki. In ba abin huji, ka dakushe tsinin ƙusar da guduma kafin ka buga. Da ka gama gefe biyu sai ka haɗe su da sauran gicciye huɗun, amma ka ɗan goce wajen bugun sama ko ƙasa kaɗan don kar ƙusoshin su yi karo a cikin ƙafa.

Kafin gam ya kama, ka ajiye ta a shafaffen siminti ka danna. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta nan da ta can, in awon ya zo ɗaya ta daidaita, in bai zo ba ka matsa ta da hannu har ya zo. Sai ka ɗaure da robar tiyub. Yanzu ka saka bakan nan huɗu, kowanne ƙoƙonsa ya taɓa ƙarƙashin gicciyen sama, ƙafafunsa su kwanta a jikin ƙafafun kujera, ka kama da ƙusa inci 1 a wuri uku. Su ne ke hana kujera yin gefe in mai jiki ya zauna. Ka bar ta ta kwana.

8. Tsaga ƙaramin ken

Nan ne aikin yake, nan ne kuma masu koyo suke gudu. Ka jiƙa sandunan kamar awa ɗaya. Ka sa wuƙa a tsakiyar bakin ka buga ta shiga, sannan ka riƙa murɗa wuƙar kana turawa, ko ka ajiye wuƙar ka ja da hannu biyu. Tsagar zata riƙa neman gudu gefe guda, ɓari ɗaya yana kauri ɗaya yana sirancewa. Dabarar ita ce ka fi lanƙwasa ɓarin mai kauri, sai tsagar ta dawo tsakiya da kanta. Kar ka ja siririn, tsinkewa zai yi. Biyu ta zama huɗu, in sandar tana da kauri ta zama shida.

Kowane tsage yana da baya mai santsi da ciki mai tsoka. Ka ɗora shi a cinya kan tsumman, cikin yana sama, ka dafa wuƙa a kai ka riƙa jan tsagen ta ƙarƙashinta, wuƙar tana tsaye tsagen ne ke tafiya. Ka rage tsokar har ya zama zaka iya naɗa shi a ɗan yatsa bai karye ba, faɗinsa kuma milimita 6 zuwa 8, kuma ka yi ƙoƙari su zo kai ɗaya don in wani fato wani siriri saƙar ba ta yin kyau. Kana buƙatar kamar mita 70 zuwa 80 gaba ɗaya. Ranar farko yini zaka yi, yatsunka su yi kanta, kar ka damu haka kowa ya fara. In ka ga ba zaka iya ba, masu sana'ar suna sayar da tsagagge a ƙulle, ka saya ka wuce, amma dai ka koya daga baya don nan ribar take.

Gefen tsage yana yanka kamar reza, kar ka zare shi da sauri ta cikin tafin hannu.

9. Naɗin gaɓoɓi

Ka naɗe tsagen kamar gammo ka jefa a baho minti 20 zuwa 30, ruwa mai ɗumi ya fi. Kar ka bar shi ya kwana a ruwa, launinsa dushewa yake ya yi toka-toka kuma ya yi rauni, ka riƙa jiƙa iya wanda zaka yi aiki da shi. Da hunturu ka ajiye tsumma mai ruwa kusa kana shafawa, don kafin ka gama gaɓa ɗaya ya bushe a hannunka.

Duk inda gicciye ya haɗu da ƙafa za a naɗe. Ka kama bakin tsagen da ƙaramar ƙusa a ƙarƙashin gicciyen, santsin yana waje, ka zagaya ta bayan ƙafar ka dawo sau uku ko huɗu yadda zai rufe kan ƙusar nan babba, sannan ka naɗe gicciyen kansa kamar santimita 3 kana matsawa layi kusa da layi. Ƙarshen ka ɗaga naɗin da basilla ka cusa shi ciki ka ja ka yanke. Ka ja da ƙarfi amma ba na tsiya ba, in ya bushe zai ƙara matsewa da kansa. Wasu suna ɗauka naɗi ado ne, a'a, shi ke riƙe kujera ranar da gam ya saki. Haka zaka naɗe inda bakan suka taɓa ƙafa.

10. Saƙar mazauni

Da layukan tsaye ake farawa. Ka kama bakin tsage a cikin gicciyen baya, ka kawo shi ta sama zuwa gicciyen gaba, ka zagaya ta ƙasa ka koma baya, haka haka har ka cike daga ƙafa zuwa ƙafa, layi na jikin layi, sai ka ga ka samu hawa biyu, sama da ƙasa. Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne ɗaurewa tamau. Kar ka yi. Ka ɗora sandar mofa ko wata sanda a tsakiya ka riƙa naɗawa ta kanta, in ka gama ka zare, wannan sakin da ya bari shi na kwance zai cinye. In ka ɗaure tun farko, kafin ka kai rabi ko basilla ba zata shiga ba.

In tsage ya ƙare ka yi haɗin a ƙasa, kar a sama. Ka ɗora sabo a kan tsoho kamar santimita 8 ka ɗaure da zare na ɗan lokaci, saƙar zata danne shi daga baya.

Sai na kwance. Ka fere bakin tsagen ya yi tsini, ka bi sama da uku ƙasa da uku har ka fita, ka juya kujerar ka saƙa ƙasan shi ma, can ko sama da huɗu ƙasa da huɗu ya yi tunda ba mai gani. Layi na biyu ka goce da ɗaya, na uku ka sake gocewa da ɗaya, a haka zanen nan mai tafiya a karkace zai fito. Kar ka yi ɗaya sama ɗaya ƙasa irin na tabarma, a wannan matsin karya tsage yake. Duk layin da ka wuce ka tura shi da basilla ko bayan wuƙa ya matsu da na baya, kana shafa ruwa. Layuka biyar na ƙarshe sai ka yi haƙuri, wuri ya matse, da basilla zaka riƙa buɗe hanya kana ja da filaya, nan kaɗai yana iya cin rabin awa.

In ka gama kar kowa ya zauna. Inuwa, kwana biyu. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, in ta yi ƙara kamar ganga ta yi.

11. Ƙone gashi, goga, banish

Zaka ga 'yan zaruruwa sun miƙe a jiki kamar gashi. Ka wuce da wuta da sauri ta lashe su, sannan samfefa mai laushi, ka kaɗe ƙurar. A yi wannan kafin banish, ba bayan ba, in ka kusanto da wuta bayan ka shafa to ka yi asarar kujera in ma abin ya tsaya nan.

Banish ka sirka shi da tina ya yi ruwa-ruwa, shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, ka bar na farko ya bushe sarai ka ɗan goga sannan na biyu. A waje zaka yi inda iska take. Da hunturu ka zaɓi safiya kafin ƙura ta tashi ko ka shige rumfa ka yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙurar ta manne kujerar ta yi kaushi. A watan Agusta kuwa ka jira ranar da gari ya washe, laima tana sa banish ya yi fari-fari. Ƙarƙashin mazaunin ni ba na shafa masa komai, ta nan ken yake shan danshi, kuma ta nan zaka riƙa ba shi ruwa nan gaba.

12. Lissafin kuɗi

Farashi yau daban gobe daban, don haka tsarin lissafin zan ba ka. Ka rubuta kuɗin ken, ƙusa, gam, banish da tina, gawayi ko gas, da kuɗin Keke Napep ɗin da ya kawo maka kayan, wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Gwangwanin banish da gam ba kujera ɗaya suke yi ba, ka raba su. A misali kawai, a ce duka sun tashi naira 10,000, ka ƙara 2,000 na abin da ya lalace, sannan ka sa kuɗin yini biyu na aikinka gwargwadon abin da ake biyan kafinta a unguwarku, sai riba. Masu koyo suna ganin tunda hannunsu ne kyauta ne, su sayar a kuɗin kaya, wata uku sun gaji sun bari. In oda ce ka karɓi kuɗin kaya tukuna. Kuma guntayen da suka rage kar ka zubar, da su ake ƙananan kwanduna da abin ɗora tukunyar furanni da faifan saka kayan lefe, wani lokacin su suke mayar da kuɗin dami.

13. Riƙo a gida

Wannan ka gaya wa duk wanda ya saya. Gwaggona na taɓa yi wa irin kujerar nan, ta ji daɗinta har ta mayar da ita wajen zamanta a baranda inda rana ke bugawa tun hantsi, hunturu ɗaya ta kira ni, na je na tarar da saƙar ta yi fari tana karyewa a hannu kamar taliya, ta ce ɗan nan ko dai kayan ne ba kyau. Na ce Gwaggo kayan lafiyarsu lau, ƙishirwa ce ta kashe su. Sai da na sake mata mazauni.

Daga Nuwamba zuwa Maris, duk sati biyu a juya kujerar a goge ƙarƙashin saƙar da tsumma mai ruwa, a bar ta ta bushe a inuwa kafin a zauna. Kar a ajiye ta a rana ko kusa da murhu. Da damina kuma akasin haka, kar a bar ta a tsakar gida ruwa ya dake ta, kar ƙafafun su zauna a ƙasa mai laima, in an ga funfuna a goge da ruwan gishiri ko ruwan sabulu kaɗan a kai ta inda iska take. Ƙura a cire da busasshen buroshi. Yara kar su riƙa tsayawa a kai da ƙafa, nauyin wuri ɗaya yake taruwa. In mazaunin ya fara lotsawa, a jiƙa ƙasan da ruwan ɗumi a bar shi kwana ɗaya ko biyu ba a zauna ba, zai ja jikinsa ya koma. In kuma tsage ɗaya ya tsinke, a yanke shi ta ƙasa, a jiƙa sabo a bi sawun tsohon, a cusa bakinsa biyu a ƙarƙashin saƙar kamar santimita 5 kowane gefe, tun kafin na kusa da shi su biyo baya.